Kildonan a Takarda: Wa Ya Riƙe Alƙalamin?

A ƙidayar 1811 an samu mutum 1,574 a gundumar Kildonan. Da aka dawo a 1821 sai aka tarar da 565. A 1831 saura 257. Ba annoba aka yi ba, ba kuma yaƙi. Masu ƙasar ne suka yi lissafi, suka ga tumaki sun fi talakawa kawo riba, sai suka tashi mutanen suka zuba tumaki a gurbinsu.

Kildonan wani dogon kwari ne a yankin Sutherland, can ƙuryar arewacin Sikotland, inda kogin Helmsdale ke gangarowa daga tuddai ya faɗa teku. In an ce gunduma a wannan ƙasa, ana nufin yankin da coci guda da limaminta ke kula da shi. A tsohon tsari, gunduma ce ke riƙe da makaranta, da rabon tallafin matalauta, da littafin baftisma da na aure, har da ladabtar da waɗanda suka yi abin kunya. Shi ya sa duk mai neman salsalarsa a Sikotland, tambayar farko da za a yi masa ita ce: kakanninka 'yan wace gunduma ne? Jikokin mutanen Kildonan kuwa yau sun warwatsu, wasu a Kanada, wasu a Amurka, wasu a Ostareliya, kuma da yawansu da waya a hannu suke neman hanyar komawa wannan kwari.

Ana yawan yabon Sikotland a kan adana takardu, kuma yabon ya dace. Abin da nake so mu yi a nan shi ne mu karanta takardun Kildonan yadda muke karanta littafin adabi, mu tambayi wanda ke ba da labarin, da wanda yake yi wa magana, da wanda aka bari a bakin ƙofa bai samu shiga ba.

Mu fara da babban kundin da kowa ke fara buɗewa, wato Statistical Account of Scotland. Sir John Sinclair, wani mai ƙasa kuma ɗan majalisa daga Caithness, shi ya ƙirƙiro shi. A 1790 ya aika wa limaman gundumomi sama da 900 tambayoyi 160: yaya ƙasarku take, me kuke nomawa, mutum nawa ne, nawa ake biyan ɗan ƙwadago, wane harshe ake yi, yaya halin jama'a. Amsoshin suka fito a mujalladi 21 tsakanin 1791 da 1799. Na Kildonan, limaminta Alexander Sage ne ya rubuta. Yau kowa na iya karanta kundin kyauta a intanet, kuma ina ba da shawarar a karanta, domin da wuya ka samu wata ƙasa a wancan zamani da aka zana hotonta ƙauye bayan ƙauye haka.

Amma dubi siffar tambayoyin. Duk wanda aka tambaye shi “mutum nawa?” da lamba zai amsa. Kundin ya san yawan shanu da dawaki da farashin hatsi, yana ambaton sunan mai ƙasa da na liman, wani lokaci da na wani jarumi da ya mutu shekaru ɗari da suka wuce. Manomin da ke biyan haya kuwa yakan shigo ne a jam'i, “mazauna” ko “talakawa”, tare da hukuncin liman a kansu, ko masu ƙwazo ne ko malalata. Jikan da ya zo neman kakarsa zai samu nauyin buhun da ta ɗauka, ba zai samu sunanta ba.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a ransa. Shi wannan Sinclair ɗin, a daidai shekarun da yake tattara amsoshin limamai, shi ne ya kawo tumakin Cheviot gonarsa ta Langwell, wadda ba ta da nisa da Kildonan, ya nuna wa sauran masu ƙasa cewa wannan irin na iya jure sanyin arewa. Ba na cewa ya shirya kundin da mugun nufi. A ganinsa ci gaba yake nema wa ƙasarsa. Sai dai idon da ya tsara tambayoyin ido ne mai auna abin da ƙasa za ta iya bayarwa in an “gyara” ta, kuma cikin shekaru ashirin wannan gyaran ne ya iso kwarin Kildonan da takardar tashi a hannu.

Su kansu limaman ba su da cikakken 'yanci. Tun dokar 1712, mai ƙasa ke da ikon zaɓen limamin gunduma, kuma masu ƙasa ke biyan albashinsa su gina masa gida. A Kildonan mai ƙasar ita ce Elizabeth, uwar gidan sarautar Sutherland, wadda ta auri ɗaya daga cikin manyan attajiran Ingila, mutumin da aka naɗa Duke na Sutherland a 1833. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Donald MacLeod, wani magini daga kwarin Strathnaver da ya ga tashin da idonsa, ya zargi yawancin limaman yankin da gaya wa jama'a cewa abin da ya same su hukuncin Ubangiji ne saboda zunubansu. Ko da mutum ya rage wani abu daga zafin MacLeod, tsarin da ya sa irin wannan wa'azi ya yiwu a fili yake.

Littattafan rajistar coci su ne mataki na biyu, kuma a nan ne zuciyar mai bincike kan fara karyewa. Mafi tsufa a duk ƙasar na gundumar Errol ne, ya faro daga 1553. Amma a yankin tsaunuka da tsibirai gundumomi da yawa ba su fara ajiye rajista ba sai can ƙarshen ƙarni na 18, wasu ma sai na 19. Wanda aka ajiye ɗin ma cike yake da giɓi. Tsakanin 1783 da 1794 gwamnati ta sa harajin kwabo uku a kan kowane suna da aka shigar, talaka kuwa ya ga ba dole. Mutuwa ba kasafai ake rubuta ta ba. Sannan ga matsalar harshe: mutanen Kildonan da Gaelic suke magana, magatakarda kuma da Turanci yake rubutu. A bakin maƙwabta, mutum ɗan wane ne jikan wane, ko a kira shi da launin gashinsa ko sana'arsa. A rajista sai ya koma Donald Gunn ko John Sutherland, ɗaya daga cikin goma masu wannan suna a kwari guda. Laƙabin da ke bambanta shi da sauran, wanda shi ne ainihin sunansa a rayuwa, bai samu gurbi a shafin ba.

Littafin da ya fi cancantar a zauna a kansa shi ne Memorabilia Domestica na Donald Sage, ɗan wancan limami Alexander. An haife shi a gidan liman na Kildonan a 1789, ya tashi a kwarin, shi ma ya zama limami, ya rasu a 1869. Littafin bai fito ba sai 1889, shekara ashirin bayan rasuwarsa, kuma ɗansa ne ya tace rubutun ya buga. Tarihin gida ne: kakansa Aeneas Sage, limamin Lochcarron da ake ba da labarin ƙarfinsa, mahaifinsa, makarantar da ya yi a Dornoch, karatunsa a Aberdeen. Amma a tsakiyar wannan duka akwai Kildonan kafin a tashe ta, kuma babu wani rubutu da na sani da ya rayar da ita kamar wannan.

Ƙarfin Sage a tafiyar ƙafa yake. Yana bin kwarin ne kamar mai raka baƙo, ya nuna maka rafi ya faɗi sunansa, ya nuna tudu, ya tsaya a ƙauye ya gaya maka wanda ke zaune a ciki da irin halinsa. Wuraren da yau sai tarin duwatsu a cikin ciyawa, irin su Suisgill da Borrobol da Kinbrace, a wurinsa gidaje ne masu hayaƙi. Yana da ido irin na marubucin labari, yana lura da tsayin mutum, da yanayin fuskarsa, da abin dariyar da ke tattare da shi, kuma ba ya jin nauyin faɗin aibin wanda bai yi masa ba. Wani lokaci har sai ka ji tausayin wanda ya faɗa bakin alƙalaminsa, tunda ya mutu ba zai iya ramawa ba.

Sannan shi shaida ne. Daga 1816 yana aikin wa'azi a Achness, a saman Strathnaver, kuma yankin aikinsa ya haɗa da saman Kildonan. A 1819, lokacin babban tashi na biyu, shi ma yana cikin waɗanda aka ba takardar barin gida. Ya ba da labarin wa'azinsa na ƙarshe a Langdale, a fili, a gaban mutanen da suka san cewa nan da 'yan kwanaki ba za su sake haɗuwa a wuri ɗaya ba, da yadda taron ya ƙare da kuka. Wannan babin ne ake yawan ɗaukowa daga littafin, kuma ya cancanta. Ba ya ƙawata shi fiye da kima, abin da ya gani ya ishe shi.

To amma ko a nan, tambayarmu tana nan. Su wa Sage ke gani? Yana ganin limamai, da dattawan coci, da masu tsoron Allah da aka san su da iya addu'a, da manyan masu haya waɗanda ke da dangantaka da gidan sarauta, da tsoffin hafsoshin soja. Ma'auninsa na mutum kusan kullum ɗaya ne: yaya addininsa yake? Limamin da bai yi wa'azi yadda Sage ke so ba zai sha suka shafi guda, alhali iyalai da dama da aka rushe wa gida sun wuce a jimla ɗaya. Mata kuwa, in ba na gidan liman ba ko matan manya, sukan gifta ne kamar inuwa. Ina ganin wannan ne iyakar littafin, kuma ba ƙaramar iyaka ba ce ga mai neman zuriya: in kakanka dattijon coci ne, za ka same shi da kamanninsa har da irin muryarsa, in mai kiwon shanu ne da ba ya tashi a taro, sai dai ka san ƙauyen da ya zauna.

Akwai wani abu kuma da ke damuna a duk lokacin da na koma littafin. Sage ya yi baƙin ciki, ya kuma la'anci abin da aka yi, amma ya yi hakan ne a rubutun da ya zauna a akwati har bayan mutuwarsa. A ranar da abin ke faruwa, abin da ya iya yi shi ne wa'azin bankwana. Ba na ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa, matashi ne marar muƙami mai ƙarfi, kuma shi ma an kore shi. Sai dai mai karatu ya sani cewa muryar da yake ji ta dattijo ce da ke waiwaye daga wata gunduma, Resolis, bayan ƙura ta lafa, kuma ta bi ta hannun ɗa mai kishin mutuncin gidansu kafin ta iso gare mu.

Mutanen kwarin ba su zauna sun naɗe hannu ba, kuma wannan yana daga abin da rubutun limamai bai ba shi haƙƙinsa ba. A farkon 1813 sun kori masu auna filaye da makiyayan da aka turo, suka ƙi amsa sammaci yadda aka so, har sai da aka kawo sojoji. Sun tura wani tsohon sajan, William MacDonald, Landan da takardar koke. Mafi yawan abin da aka sani game da wannan turjiya daga takardun gidan Sutherland ya fito, wato wasiƙun wakilan mai ƙasa irin su William Young da Patrick Sellar da James Loch, waɗanda yau ke ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasa a Edinburgh da kuma ma'ajiyar Stafford a Ingila. Abin takaici, a nan ne sunayen talakawa suka fi yawa: a jerin masu biyan haya, da jerin masu bashi, da jerin waɗanda za a tasa, da jerin “masu tayar da fitina”. Wanda ya kore ka shi ya fi kowa kula da rubuta sunanka daidai. Waɗannan wasiƙu kuma sun rushe tsohon zancen nan na ba a mugun sarki sai mugun bafade. An daɗe ana jibga komai a kan Sellar, wanda aka gurfanar a Inverness a 1816 kan abin da ya faru a Strathnaver aka kuma wanke shi, amma takardun sun nuna gidan sarautar ya san shirin, shi ya amince da shi. Masanin tarihi James Hunter ya bi waɗannan takardu a littafinsa Set Adrift Upon the World na 2015, ya karanta su ta bayan kafaɗar waɗanda suka rubuta su, kuma a ganina shi ne ya fi kusa da mayar wa mutanen Kildonan sunayensu.

Wani jerin sunayen kuma na jirgin ruwa ne. A 1813 kusan mutum ɗari, yawancinsu daga Kildonan, suka shiga jirgin Prince of Wales za su mazaunin da Lord Selkirk ya kafa a Red River, inda birnin Winnipeg na Kanada yake a yau. Zazzaɓi ya ɓarke a jirgin, aka sauke su a Churchill maimakon York Factory, suka ci hunturu a can, sannan masu ƙarfi daga cikinsu suka taka sama da mil ɗari a kan ƙanƙara. Takardar fasinjojin ta kawo iyali iyali da shekarun kowa, abin da rajistar gundumarsu ba ta taɓa yi musu ba. Sun sa wa sabon mazauninsu suna Kildonan, sunan yana nan har gobe a Winnipeg. An yi musu alkawarin limami mai jin Gaelic, kuma wanda aka ambata shi ne Donald Sage ɗin nan. Bai je ba, sai 1851 suka samu limamin ɗariƙarsu. John Diefenbaker, firaministan Kanada daga 1957 zuwa 1963, ta wajen uwa jinin Bannerman ne na wannan kwari.

Sai da aka shekara saba'in kafin hukuma ta zauna ta saurari bakin masu abin. A 1883 kwamitin Napier ya zagaya yankin tsaunuka yana jin koken ƙananan manoma, ya zauna a Helmsdale, inda Angus Sutherland, malamin makaranta kuma jikan waɗanda aka tasa daga Kildonan, ya ba da shaida. Bayan shekara uku aka yi dokar 1886 da ta hana korar irin waɗannan manoma yadda aka ga dama, shi kuma Angus ya zama ɗan majalisar Sutherland. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a lura: a 1883 yawancin masu waƙar sun riga sun kwanta dama, 'ya'ya da jikoki ne ke maimaita abin da suka ji a bakin murhu.

Yanzu ga abin da mai waya zai tarar. Shafin ScotlandsPeople, wanda hukumar adana takardun ƙasa ke gudanarwa, ya tattara rajistar coci, da ƙidaya daga 1841 zuwa 1921, da rajistar gwamnati, da wasiyyoyi. Neman suna kyauta ne, ganin hoton takardar kuma sai an biya. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ba na musu. Amma akwatin bincikensa suna yake nema da shekara, wato abubuwa biyun da tarihin Kildonan ya fi lalatawa. In ka rubuta Donald Gunn za a jero maka Donald Gunn da yawa, kowane hoto da kuɗinsa, kuma babu abin da zai gaya maka wane ne naka. A nan ne mutane ke ƙosawa su zaɓi wanda ya fi kama, su liƙa shi a bishiyar zuriyarsu, wasu su kwafa, kafin ka ankara ƙarya ta yi rassa.

Kuma dubi lokacin da takardu masu kyau suka fara. Ƙidaya ta farko mai ɗauke da sunan kowa ita ce ta 1841, shekara 22 bayan tashi na biyu. Masu ƙidayar sun shiga kwarin da tsari mai kyau suka tarar da makiyaya, da yawansu baƙi daga kudu. Ko tambayar wa ke jin Gaelic ba a sa ta a ƙidaya ba sai 1881. Akwai ma wani tarko: garin Helmsdale na bakin teku, inda aka tura da yawa daga cikin waɗanda aka tasa su koyi kamun kifi, a gundumar Loth yake a lokacin, sai a shekarun 1840 aka mayar da shi cikin Kildonan. Saboda haka wanda ya dubi jadawalin yawan jama'a zai ga Kildonan ta farfaɗo ta wuce dubu biyu, ya ɗauka mutane sun koma gida. Iyaka ce aka matsar a taswira, kwarin yana nan wayam. Sannan a 1843 cocin ƙasar ta rabe, mafi yawan mutanen Sutherland suka bi sabuwar coci mai zaman kanta da ta ƙi ikon masu ƙasa a kan naɗin limami, Donald Sage ma yana cikinsu, don haka yaran da aka haifa bayan nan da yawa ba sa cikin tsohuwar rajista.

A Helmsdale akwai gidan tarihi na Timespan da ke taimaka wa masu zuwa neman tushe, akwai kuma mutum-mutumin iyalin da ke barin gida, wanda aka kafa a 2007, aka kuma kafa irinsa a Winnipeg. Daga kudu kaɗan, a kan dutsen Ben Bhraggie, gunkin Duke na nan tsaye tun shekarun 1830, ana hango shi daga nesa. Taswirorin da babban ɗakin karatu na ƙasa ya sa a intanet kyauta, musamman ta soja da William Roy ya jagoranta tsakanin 1747 da 1755, suna nuna ƙauyukan kwarin da sunayensu tun suna da rai. In ka ɗora ta a kan taswirar shekarun 1870 sai ka ga inda suka ɓace.

Takardar da ta fi taɓa ni kuwa ita ce wadda ba ta da wani ado ko kaɗan. Daga 1 ga Janairu 1855 gwamnati ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga hannun coci, kuma takardar mutuwa ta Sikotland, ba kamar ta Ingila ba, tana neman sunan uban mamaci da sana'arsa, da sunan uwarsa har da sunan gidansu kafin ta yi aure. Ka ɗauki tsohuwar da aka haifa a kwarin wajen 1780, aka tashe ta tana da goyo, ta ƙare rayuwarta a wani ɗan fili a bakin teku, ta rasu a 1860. A ƙidayar 1851, inda aka fara tambayar gundumar haihuwa, ta ce Kildonan. Ranar da ta rasu, ɗanta ko maƙwabcinta ya je gaban magatakarda, aka tambaye shi su wa suka haife ta, ya faɗa. Ta haka wata mata da ta rayu ta mutu a Learable ko Kilphedir tun kafin tumaki su zo, wadda liman bai ambata ba, wakilin mai ƙasa bai sa ta a jeri ba, Sage ma bai lura da ita ba, ta shiga takarda karo na farko. Sau da yawa wanda ya kawo rahoton bai iya rubutu ba, sai ka ga a gurbin sa hannu ya yi alamar kuros, magatakarda ya rubuta sunansa a gefe.